Lamba Ta Ɗari Da Sha Bakwai

Shekara ashirin da biyu ina sauraron injin masaƙa a Kakuri.
In ya yi tari, na san haƙorin da ya cinye,
in ya yi gurnani, na san inda mai ya ƙafe.
Amma injin da ke cikin ƙirjina,
wanda bai san hutun Sallah ba, bai taɓa yajin aiki ba,
ban kasa masa kunne ba
sai ran da benen ofishin fansho ya gagare ni hawa.

Ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi ni.
Kwanciya ta zama nutsewa,
sai in jingina da matashi uku
ina kamo numfashi kamar yaro mai kamun fara.

A asibiti Dakta Ladingo ta shafa min wani mai mai sanyi,
ta ɗora na'ura, ta juyo min allo:
"Baba Shekarau, ga zuciyarka."
Na ga wani abu toka-toka yana buɗe baki yana rufewa
kamar tarwaɗar da aka tsamo daga kogin Kaduna.
Ta ce ɗakin hagu ne ya saki,
jini ya daɗe yana hawa, yana dukan bango a ɓoye.
Na ce, "Wato famfo ya yi sanyi."
Ta yi dariya, ta ce kusan haka.

Sai ta zaro takarda mai shafi huɗu.
"Bincike muke yi.
Muna so mu san wane haɗin magani ya fi karɓar jikin mutanenmu,
masu cin abincinmu, masu shan ranarmu.
Ba dole. In ka shiga, ƙofa a buɗe take."
Jikata Hajjo ta karanta min sau biyu.
Na ce, "Ni me zan samu?"
Ta ce, "Awo, da kuɗin mota.
Amfanin kuwa, mai yiwuwa na 'yan baya ne."
Da ta yi min daɗin baki, da na tashi.
Na sa hannu.

Yanzu ni ne lamba ta ɗari da sha bakwai.
Duk Talata ta biyu in tsallake gada a keke mai ƙafa uku,
in tarar da 'yan benci:
ta casa'in, Kande mai kifi daga Sabon Tasha, da ƙaramin gicciye a wuya,
ta sittin da huɗu, Barau, tsohon direban tirela, yana jan carbi.
Ɗamara ɗaya ke matse damtsenmu duka,
ba ta tambayar kowa unguwarsu.
A sa mu tafiyar minti shida a baranda,
yarinya na biye da agogo tana ƙirga taku.
Watan jiya na kai tagar ƙarshe ban dafa bango ba.

A gida an kori dunƙule, an rage gishiri,
daddawa ce kaɗai ke fitar da miya kunya.
Ƙwaya biyu da safe, ɗaya bayan isha'i,
Hajjo na kanga layi a kalanda.

Barau bai zo ba ran Talatar nan.
Da aka kira lambarsa, ƙanensa ne ya miƙe
riƙe da ragowar magani a leda.
Dakta ta karɓa, ta ƙirga, ta rubuta,
ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa.
Ba ta soke layinsa ba.
Ta ce shi ma yana cikin amsar.

Ajali ba ya cikin littafinta, na sani, ita ma ta sani.
Amma da dare, in unguwa ta yi tsit,
nakan ɗora tafi a ƙirji
yadda nake yi wa injin layi na uku a da,
in saurara.
Yana ɗan ɗingishi.
Yana dai saƙa.