Kuɗin Hawa

Ƙarfe biyar na asuba, Valparaíso ba ta farka ba,
sai tsuntsayen teku da mahaifina.
Ya kifa hular aiki a baibai,
ƙafa ɗaya takalmi, ɗaya silifa,
yana laluben makullin da ya miƙa
shekara goma sha tara da suka wuce.

Shekara talatin da ɗaya Eleuterio na jan akwatin ƙarfe
mai hawa da mutane kan tudu, ya sauko da su bakin ruwa.
Ya san wa ke bin wa bashi, wa ke da juna biyu,
wa ya sha ya yi tatul daren jiya.
Yau hanyar banɗaki ta ɓace masa.
Na manna takarda a ƙofar, da manyan baƙaƙe.
Ya karanta tsaf, da ƙarfi,
sannan ya buɗe firji.

Ranar da ya fara tambayata ina Herminia
na faɗa masa gaskiya.
Ya zube ƙasa, ya yi kukan da bai yi ba ranar binne ta.
Da yamma ya sake tambaya.
Sau huɗu na kashe uwata a mako guda
kafin na koyi cewa:
ta sauka kasuwa, kifi ya yi araha.
"Ai sai dare," in ji shi, "ba ta gajiya da ciniki."
Ya yi dariya. Na juya ga tukunya.

Rodolfo kan bugo daga Santiago ranar Lahadi,
ya ce muryar Baba garau take, anya ba na zuzutawa?
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
Ban gaya masa na daka wa Baba tsawa ran Talata ba,
kan miyar da ya juye a aljihu, wai zai ajiye wa yara.
Mu ne yaran.
Shekarata hamsin da biyu, har da furfura.
Ya manta tsawar kafin in wanke hannu.
Ni na kwana da ita.

Yanzu ga yadda muke yi.
Kujeru biyu a gaban taga,
inda rufin gidaje ke gangarawa har wajen jiragen ruwa.
In miƙa masa kwandalar peso ɗari,
ya jujjuya ta, ya ce, "Riƙe da kyau, baiwar Allah."
Hannun nan da cokali ya gagara
sai ya kama birkin da babu shi,
ya sake shi sannu sannu, ba ko gargada.
Mu hau. Mu sauko.
Shayi ya huce a kan tebur.

Jiya muna tsakiyar tudu ya daɗe yana dubana.
"Kina da uba?"
Na ce ina da shi.
"Yana raye?"
Na ce yana nan.
"To ki riƙa leƙa shi.
Tsofaffi ba sa faɗa, amma suna ƙirga kwanaki."
Na ce yau ɗin nan zan je.

Ya mayar mini da kwandalar,
ya naɗe yatsuna a kanta ɗaya bayan ɗaya,
kamar yadda yake yi ranakun makaranta.
"Bar kuɗinki," in ji shi.
"Kin yi kama da wata."