Tela a Cikin Inji

Sha ɗaya na dare a Yaba, janareta na tari.
Ruwa ya cinye hanyar Agege, yau ba gida.
Daga ni sai shayin da ya huce,
sai injin haɗa manhaja da ya ƙi haɗa komai tun la'asar.

Laifin bai kai ya kawo ba.
Morenike ce ta ɗauke fayil ɗin saiti guda
daga wannan jaka ta kai waccan,
kamar mai kawar da kujera don ta yi shara,
sai rufi ya rufto.

Na bi sawu.
Wuri talatin da bakwai aka rubuta hanyarsa da hannu,
kowa da kwatancensa:
wani ya faro daga tushe,
wani daga inda ƙafarsa take ranar,
wani ya liƙa guntu da guntu yana fatan alheri.
Sikiru, da ya tafi Kanada bara,
ya bar mana wasiyya a gefen layi: kar a taɓa, yana aiki.
Sikiru, Allah ya sassauta maka sanyi.
Zan taɓa.

Ranar da na fara sauka Ikko
takarda ce a hannuna: wuce gidan mai,
in ka ga mai tsire ka karya hagu,
ƙofa ta uku bayan famfo.
Ashe hukuma ta kwashe rumfar mai tsire tun azumi,
famfon ma ya zama shagon caji.
Na yi ta zagaye da jaka a ka har magariba,
sai wani yaro ya ja ni bakin layin dogo
wurin Baba Tanimu tela.
Bai ko kalli takardar ba. Ya ce, sunan wa?
Na ce Jatau mai gyaran agogo.
Ya ce ya tashi, yana bayan masallacin 'yan goro,
ya ciji zare ya ci gaba da ɗinki.
Kowa ya sauya gida, Baba kaɗai yake faɗa wa.

To, daren nan tela nake ɗinkawa.
Fayil ya bar zama zaren haruffa tsirara.
Na raɗa masa suna, na yanka masa riga,
ya san tushensa,
ya san ko rashinsa mutuwa ne ko a yi haƙuri.
Mai nemansa ya kira suna kawai,
baki ɗaya ne zai amsa.

Sai gogewa. Talatin da shida. Talatin da biyar.
Gwaji ya yi ja, na koma, ya yi kore.
A na sha tara na tsaya ina dariya ni kaɗai:
shekara biyu yana sallama a ƙofar fayil ɗin da babu shi,
ba wanda ya amsa, ba wanda ya lura.

Na san inda gizo ke saƙar.
Makon da Baba ya kwanta asibiti
baƙi uku suka kwana a tasha.
Don haka na kewaye telana da gwaji goma sha ɗaya,
na rubuta bayani da harshen da sabon zuwa zai gane,
ba wasiyya ba.

Gobe oga zai tambaya me ya canza,
in ce ba komai, manhajar tana nan yadda take,
ya dube ni kallon wanda ya ƙona man janareta a banza.
Ba zan ja ba.
Wata rana Morenike za ta sake yin shara,
ta gyara layi ɗaya, ta tafi cin abinci.

An kira assalatu. Ruwa ya ɗauke.
Kwandastan danfo na farko yana rera Oshodi da muryar barci.
Zan sauka bakin layin dogo in sayi ƙosai,
in gaida Baba, in har ya buɗe.
Kullum sai ya ce, wai kai aikin me kake yi a Yaban nan?
Yau dai ina da amsa,
sai dai keken nasa ba ya barin a ji magana.