Bututun da Ya Yi Shiru

Shekara ashirin da biyu ina bin bututun Garwa,
daga Rumde Ajiya har gangaren Binuwai.
Na san tarin famfon da iska ta shiga,
na san kukan wanda robarsa ta cinye.
Mai yoyo ba ya ba ni tsoro.
Wanda ya yi shiru, shi ke fasa bango da tsakar dare.

Uwani, shekara shida ke nan
da malam-buɗe-littafi ya sauka a kumatunki,
ya baza fukafukai ja, ya ƙi tashi.
Lufus, in ji su. Jiki ne ke cizon kansa,
kamar karen da ya manta warin mai gida.
Muka koyi lema, muka koyi dogon hannu,
kika daina fita kasuwa sai rana ta yi sanyi.
Na ce to, mun ga fuskar abokin gaba.

Ashe akwai wani laɓe a bayansa.

Ran Talata Dakta Hammajoda ya juyo mini takarda.
Jininki ne, ya je Yawunde a kwalba,
ya kwana tara, ya dawo lambobi.
Ya ɗora bakin biro a kan kalma guda: homosistin.
Sau uku na faɗa, sau uku harshena ya yi tuntuɓe.
Ya ce kowa na da shi, kaɗan, kamar kanwa a miya.
Naki ashirin da uku,
inda ake so kada ya kai sha biyar.
Ya ce in ya yi yawa yana ƙuje cikin jijiya,
a hankali, ba zafi, ba alama,
har jini ya sami inda zai maƙale,
ga lufus ya riga ya sassaɓe wurin.
A ƙarshen layin akwai zuciya. Akwai ƙwaƙwalwa.

Na ce, Dakta, ai tsatsa ke nan.
Ya ce kusan haka.

Na ce in lambar ta sauka, mun tsira?
Allah ya saka masa, bai yi mini zaƙin baki ba.
Ya ce za ta sauka: ga ƙwaya 'yar mitsitsiya,
ga zogale, ga wake, ga hanta ran da aljihu ya yarda.
Amma sauke lamba daban, tsare zuciya daban,
ba zai rantse a kan abin da masana ba su gama awo ba.
A duba hawan jini. A duba ƙoda. A duba kitse.
Kada a tsallake magani don an ji sauƙi.
Sai ya yi shiru, ya kalli aljihun rigata,
inda kwalin sigari ya leƙo da kai.

Ban ce komai ba.
Shekara nawa ina neman mai ɓata mini ruwa,
ashe da hannuna a ciki.
A bakin asibitin na bar kwalin, saura kara bakwai.
Kwana huɗu ina faɗa da kowa, har da akuya.

Shekararki talatin da huɗu, Uwani.
Bututun da na sa a shekarar da aka haife ki,
ai ban ma fara aikin ba a lokacin.

Jiya da dare na kamo hannunki,
na ɗora kunne a wuyansa,
yadda nake kara sukundireba a bango in saurari ruwa.
Kika farka kika ce, Tanimu, ni ba famfo ba ce,
kuma gobe in ka sake kawo zogale, kai za ka ci.

Na ce na ji.
Ban saki hannun ba.
Yana tafiya a ciki, dif, dif, dif,
kamar safiyar da aka sako ruwa a unguwa
tun ba a kira assalatu ba.