Ɓarawon Fuska

A Tawa, bayan la'asar,
in inuwar gidan Nomau ta kai bakin rariya,
mukan fito da tabarma biyu da gawayin dala ashirin.
Kowa da abin da ya riƙo:
Nomau da takardunsa a leda,
Tsahara da fenti har ƙarƙashin farce,
Hankurau ɗan wasan kwaikwayo da bashin da ake binsa.
Ni kuwa kamara ce a cinyata,
na kifa mata hula, tana kwanto.

Ban taɓa cewa "ku tsaya" ba.
Mutum in ya san ana dubansa
sai ya ɗauko fuskar zuwa biki.
Ni ta zaman gida nake so,
wadda ba a shafa wa mai ba.

Ga Nomau, shayi ya huce a hannunsa,
tun azahar yake farautar kalma ɗaya,
baki a sake, alƙalami a bayan kunne,
ƙuda ya sauka kan baiti na uku yana bita.
Ƙyas! Na ɗauke.

Ga Tsahara tana gardama,
wai shuɗin kanti ƙarya ne,
shuɗin gaskiya sai tabkin Babaye da asuba.
Hannunta ya riga idon kamara,
ya fito kamar tsuntsu ya gifta.
Ta ce hoto ya lalace.
Na ce nan ne kaɗai ya faɗi gaskiya.

Hankurau shi ya ba ni wuya.
Shekara biyu yana jin motsin yatsana tun ban latsa ba,
ya gyara gira, ya ɗaga haɓa.
Sai ranar da waya ta shigo daga Kaita,
aka ce an sauka lafiya, mace ce.
Ya miƙe da takalmi ɗaya a hannu,
ya rasa fuskar da zai ara.
Cikin ɗari da wani abu, wannan kaɗai ce tasa.

Da littafin Nomau zai fito,
masu ɗab'i a Yamai suka nemi hoton bango.
Ya sha shadda mai guga, ya aro tabarau,
ya tallafe haɓa kamar mai ciwon haƙori.
Sau goma sha ɗaya na ɗauka.
Duk wanda ya fito wani ne daban,
mai kama da shi, irin kamar ƙanen uba.
Shi aka buga.
Littafin yana nan, ban ce uffan ba.

Bara da damina ya kwanta.
Kwana tara.

Bayan sadakar arba'in Barira ta aiko yaro,
wai in kawo hotunan mai gidanta duka.
Na ɗora na shadda a sama, don kunya.
Ta ture shi gefe kamar tsakuwa cikin shinkafa,
ta yi ta tono har ta iso na ƙudan.
Ta daɗe a kai.
Ta ce, "Haka yake yi in ana kiransa tuwo zai huce."
Dariya ta kuɓuce mata,
ta tare ta da bakin mayafi,
hasken ƙofa ya kwanta a rabin kuncinta
yadda na yi shekaru ina roƙon haske ya kwanta.
Kamara na wuyana.
Yatsana ya tashi don kansa.
Na danne shi da ɗan'uwansa.

Yanzu tabarma ɗaya ta ishe mu.
Jiya Tsahara ta ce, "Kai fa, ina naka?"
Na zazzage akwati har ƙasa, babu ni,
sai a cikin wancan hoton dai,
a jikin butar shayi, kusa da gwiwar Nomau:
wani ɗan mutum mai ƙaton kai,
ido ɗaya a rufe,
an kama shi yana sata.