Tsaga Bakwai

Ran da aka raba gadon Baba a Kusfa
Yaya Cindo ya ɗauki gonar bakin Galma,
Delu ta sami ɗaki da rabin rijiya,
ni kuwa, bayan 'yan kuɗi,
aka miƙo min tabarma a naɗe
mai nauyi kamar an kwantar da yaro a ciki.

Na kwance igiya. Ga ta,
bindigar Kaka Barau
da muke leƙe a saman azara muna yara,
ba mai taɓa ta sai gizo-gizo.
Tsatsa ta ci bakinta, kunama ta ƙage,
itacen ya yi baƙi da gumin hannuwan da ban sani ba.
A gindinta tsaga bakwai.

Maza bakwai ya kayar a Bama, haka muka taso muna ji.
Da wannan na sha cika baki a firamare,
har na fasa wa wani yaro leɓe don ya ce ƙarya ne.

Na kai ta maƙera, wurin Sallau.
Ya goga mata toka da lemun tsami,
sai ga kambin Turawa, ga lamba, ga shekara.
Ya ƙirga da yatsu, ya yi dariya:
"Wannan ta ga wani yaƙin tun ba a yaye kakanka ba."
Ya cire ƙusa biyu daga ƙarfen gindi,
wata 'yar takarda ta faɗo, a murɗe kamar laya.
Ajami ne, tawada ta koɗe:
Mantau ɗan Yalwa, mutumin Soba.

Ba mu da Mantau a danginmu.

A Sabon Gari, ofishin tsofaffin sojoji,
akawu ya sauko da kundin da gara ta fara karantawa.
Ya bi layi da farce har ya tsaya.
Barau, in ji kundi: ɗan dako.
Akwatin harsashi a ka, daga tudu zuwa kwari.
Ba a taɓa rubuta masa bindiga ba.

Na fito, rana ta yi min yawa.
Na zauna kusa da layin dogo har la'asar ta wuce ni.

Sai Goggo Tasalla a Ƙofar Gayan,
wadda idanunta suka riga ta tafiya.
Na ɗora mata a cinya. Ta lalubi tsagar ɗaya bayan ɗaya
kamar mai jan carbi.
"Wa ya ce muku gawa ce? Damina ce.
Zazzaɓi ya kama Mantau a dajin can,
Baba ya goya shi kwana uku.
Ya ce, kai wa innata wannan, ta san na yi soja.
Gunduwa-gunduwa ya ɓoye ta cikin kayan kwanciya
ta haye teku, ta hau jirgin ƙasa.
Kowace shekara in an cire amfanin gona
sai ya saɓa ta ya nufi gabas.
Sun tashi daga Soba, wai suna Maigana,
wai sun bi dangi can gaba.
In ya dawo bai same ta ba, ya sa wuƙa ya tsaga."

Na ce, ta bakwai fa?

"Ya same ta tana sussuka.
Ta dubi abin, ba ta ajiye taɓarya ba.
Ta ce, ɗa na ba su, ƙarfe suka aiko min?
Koma da ita."

Goggo ta nemi goro a bakin zane, ta ɓara, ta ba ni rabi.

Jiya na je caji ofis in yi mata rajista.
Kofur ya juya ta, ya ce ko kaza ba za ta kashe ba,
ya turo min takarda da biro.
Lamba na cike, shekara na cike.
Layi na uku: sunan mai ita.
Ya ce, malam, yi sauri, akwai mutane a bayanka.