Ƙasa da Sifili

Malama Turai ta bankin Gumel
ta juyo mini da na'urarta.
"Tarihinka ba fari, ba baƙi."
Na ce haka riɗina yake kafin a rairaye.

Ta nuna watan da na makara,
shekarar da tsutsa ta riga ni girbi.
Ta ce, "Dubu ɗari biyu.
Ka iya zarar abin da ba ka ajiye ba,
amma asusu ba ya son shiru."

Na komo Maigatari da rami a aljihu,
ina murna.

Liman Ɗanjuma ya tambayi ruwan da ke kai.
Na dubi takalmina.

Duk Alhamis in kasuwa ta watse,
kafin cefanen Ladiyo,
sai in jefa dubu goma a ramin.
Ba na jin Turanci,
amma na san ɗan tsinken nan
da ke kwance gaban lamba.

Jiya ya ɓace.
Na zauna kan buhu ina kallon sifili
kamar ɗa ya dawo daga ci-rani.

Gobe riɗi zai sauka da araha.
Na san zan sake haƙawa.