Ramin Kuza

Biza ta fito ranar Laraba,
ina tsugune a Farin Gada, ina tsince ruɓaɓɓen dankali daga mai kyau.
Sai da na goge hannu a gefen riga kafin na ɗauki wayar,
kamar mai shirin gaisawa da suruki.
"Baba, an ba ka. Kwana casa'in ne, kada ka yi nawa."
Muryar Hansatu ke nan,
daga garin da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu.

Washegari na sa babbar riga, na nufi banki.
Nanret ce a kan teburi, na san ubanta a Bukuru.
Ta juyo mini fuskar na'ura, ta nuna da bakin biro:
shekara ashirin da shida,
tashin asuba, ciwon baya, buhu bisa buhu,
duk sun kwanta a layi ɗaya
wanda bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Na ce a juya mini shi dala.
Ta yi irin murmushin da ake wa majinyaci.
"Akwai iyaka, Baba. Cika takarda, kawo tikiti, kawo shaidar haraji,
sai a jira."
Na ce har yaushe?
Ta ɗaga kai ta dubi fanka.

Abin da aka yarda in fita da shi
rigar sanyi ce da hayar wata biyu.
Sauran nawa ne, in ji ta, babu mai taɓawa.
Haka ne.
Akuya ma ta mai ita ce,
ko da a gidan wani take ɗaure tana ramewa.

Na biya ta wajen Ɗan'azumi ɗan canji.
Bai dube ni ba, lambobi yake dannawa.
Da ya juyo mini da lissafin
sai na ga shekaru tara sun ɓace tsakanin yatsunsa,
har da shekarar da Lantana ta rasu
na koma kasuwa tun kafin sadakar bakwai.

Da la'asar na hau babur zuwa Refil,
na zauna bakin tsohon ramin kuza.
A nan kakana ya ɗauki ƙasa a ka har gashinsa ya ƙare.
Kuzar ta hau jirgin ƙasa, ta hau na ruwa,
babu wanda ya tare ta a kan iyaka,
babu wanda ya ce ta cika takarda.
Mu aka bar wa ramin,
da wannan koren ruwa da ke cin yara duk damina.

Yau ga ni, jikansa, an buɗe mini ƙofa,
an rufe wa gumina.
In na tafi, wane ne kuzar, wane ne ramin?

In na zauna gadi, gadin me?
Abin da ya sayi mota shekaran bara,
bana tayoyi yake saye.
Gishiri ne na ajiye a ɗaki mai yoyo.

In na tafi, zan sauka hannu rabbana,
dattijo mai jiran 'yarsa ta dawo aiki
ta ba shi na kati.
Amma akwai jika a can, wata bakwai,
an ce ta ɗauko kunnuwan Lantana,
kuma ban san nauyinta ba,
ni da nake sanin nauyin buhu da ido.

Fasfo yana ƙarƙashin matashi, katin banki yana aljihu.
Saura kwana saba'in da ɗaya.

Da asuba motar Bokkos ta iso.
Yaro yana ta kira, "Alhaji, a sauke?"
Na daɗe tsaye, hannuna a kan sikeli.
Na ce a sauke rabi.